Kiwon ƙaramin karen shinauza a Jos: tambayoyi da amsoshi

Ƙaramin shinauza, wanda masu sayarwa ke rubutawa Miniature Schnauzer a tallarsu, ya fara shiga gidajen mutanenmu a Jos da Abuja, kuma tambayoyin masu shi da na masu niyyar saye kusan iri ɗaya ne. An tattara su a nan, daga na kafin saye zuwa waɗanda sai ya kwana biyu a gida ake tuna su. Abu ɗaya zai yi ta dawowa a amsoshin: wannan ba karen unguwa ba ne da zai rayu a kan ƙanzo da ragowar miya. Askinsa da abincinsa su ne rabin aikin.

Wane irin kare ne, kuma daga ina ya fito?

Asalinsa Jamus. A ƙarshen ƙarni na 19 masu kiwo a can suka haɗa matsakaicin shinauza da wasu ƙananan karnuka, ciki har da Affenpinscher, don su sami ɗan kare mai kama ɓera a rumbu da garke, ya kuma yi haushi in baƙo ya doso. A 1899 aka fara nuna shi a matsayin jinsi mai zaman kansa, ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka kuma ta karɓe shi a 1926. Shinauza iri uku ne, babba da matsakaici da ƙarami, namu shi ne autansu.

Tsayinsa a kafaɗa santimita 30 zuwa 35 ne, nauyinsa kilo 5 zuwa 9. Ana gane shi da gemu, da gira mai kauri, da dogon gashi a ƙafafu. Launinsa ko dai ruwan toka mai sirkin fari da baƙi, ko baƙi da ruwan azurfa, ko baƙi wuluk, ko fari. Yana kai shekara 12 zuwa 15. A yi lissafin wannan da kyau: yaron da ya shiga aji ɗaya na firamare ranar da aka kawo kwikwiyon zai iya gama sakandare karen yana nan.

Addini ya yarda in ajiye shi a gida?

Wannan tambayar malamai ce, amma ga abin da aka sani. Hadisai sun ba da izinin ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, sun kuma yi gargaɗin raguwar lada ga wanda ya ajiye shi ba don haka ba. Malamai da dama sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan ukun. Malikiyya, wadda akasarin mutanenmu ke bi, tana ɗaukar kare mai rai da yawunsa a matsayin masu tsarki, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki kuma ibada ce aka umarta. Shafi'iyya da Hambaliyya suna ganin najasa ne. Akwai kuma hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare, har ma batun saye da sayar da shi malamai sun yi saɓani. Ka kai wa malaminka tambayar kafin ka biya kuɗi, ba bayan yara sun shaƙu da shi ba.

Abin da gidaje da yawa ke yi shi ne a ware masa baranda ko wani ɗan ɗaki a tsakar gida, ba ya shiga ɗakin kwana, ba ya taka wurin salla, kwanonsa daban. Wannan tsari yana yiwuwa muddin yana ganin mutane yana jin muryarsu. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a ɗaure shi da sarƙa a bayan gida sai lokacin ba shi abinci a tuna da shi. Karen mutane ne, kaɗaici yana mayar da shi mai haushi dare da rana. Ko addininka bai hana ka komai ba a nan, Jos garin cuɗanya ne: maƙwabcin da ba ya son kare ya taɓa masa tufa yana da haƙƙi a kanka, ka riƙe igiyarka.

Zai iya gadin gida?

Zai faɗakar, ba zai kare ba. Kafin maigadi ya ji an taɓa get, shi ya riga ya sanar da gida gaba ɗaya. Amma kare mai kilo 7 ba zai tare ɓarawo ba, hasali ma shi kansa abin sata ne. Kada a bar shi yana yawo a bakin ƙofa shi kaɗai.

Maigidana yana son ya kawo shi, ni kuma ina da asma. Gaskiya ne ba ya zubar da gashi?

Hajiya, gaskiya ne kaɗan yake zubarwa, ba za ki riƙa share gashi a kan kujeru ba. Sai dai abin da ke tayar da asma ba gashin ba ne kawai, akwai wani sinadari a yawun kare da ɗan ɓawon fatarsa, kuma babu karen da ba shi da shi. Ki je inda karen yake ki zauna kusa da shi awa ɗaya ko biyu, fiye da sau ɗaya, ki ga yadda ƙirjinki zai yi, sannan ki yi magana da likitanki. Ki tuna kuma gashinsa yana kwaso ƙurar hunturu ya shigo da ita.

Ta yaya zan san ba a cuce ni ba wajen saye?

Ka ga uwar da idonka, a inda kwikwiyon yake kwana. Mai sayarwar da ya ce ka turo kafin alƙalami zai sa a mota, ko ya ce ku haɗu a bakin titi, ka bar shi da karensa. Ana samun masu haɗa shinauza da wani ƙaramin kare mai gashi su sayar da sunan tsantsa, kuma tun suna jarirai da wuya baƙo ya bambance. Haka masu tallar wai ɗan mitsitsi ne da ba zai wuce kilo 2 ko 3 ba: babu irin wannan a ma'aunin jinsin, galibi raunanan 'ya'ya ne aka sa wa suna mai daɗi da farashi mai tsada.

Kada ka karɓi kwikwiyon da bai cika mako 8 ba. Ka nemi katin rigakafi mai sa hannun likitan dabbobi da tambarin kwalbar allurar a manne. Ka tambayi lafiyar idon iyayen, da ko an taɓa samun ciwon suga ko tsakuwar mafitsara a zuriyar. Cikin kwana biyu da ɗauko shi ka kai shi wurin naka likitan ya duba. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce.

Waɗanne allurai yake buƙata, kuma yaushe?

Allurar haɗaka da za ka ga an rubuta DHLPP a kati tana kare shi daga cututtuka biyar, mafi kashe kwikwiyo a cikinsu ita ce farbo, mai sa amai da gudawa da jini. Ana farawa a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har ya kai wajen mako 16, daga nan likita ya sa ranar ƙari. Kafin ya gama wannan jerin, kada ƙafarsa ta taka titi ko filin da wasu karnuka ke kashi, domin ƙwayar farbo tana daɗewa a ƙasa watanni. Maganin tsutsar ciki kuma duk mako 2 har ya kai mako 12, sannan duk wata har wata 6, sannan duk wata 3.

A kula da wanda ke yin allurar. Rigakafin da ya wuni a cikin jaka ba sanyi, ko ya kwana a firijin da ba wuta, ba shi da tabbas, ko da an cike kati. Ka je wurin likita mai rajista da hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa. Jami'ar Jos tana da asibitin koyarwa na dabbobi, ta Abuja ma haka.

Tunda ba ya fita, dole ne a yi masa allurar haukan kare?

Dole ne. Ana yin ta farko yana da wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara. Get yakan zauna a buɗe, karen waje yakan shigo, kuma ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum ko dabba kusan ba a tashi. Mu a Filato ba mu da uzuri: cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa tun 1924, tana yin wannan rigakafin, tana kuma gwajin cutar. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da cutar ta duniya, a ɗauke ta abin tunin duba kati.

In kare ya ciji mutum, kowane kare ne, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti a ranar. Karen kuma a killace shi kwana 10 a ƙarƙashin kulawar likita.

Me zan ba shi ya ci?

Babba sau biyu a rana, kwikwiyo sau uku ko huɗu, da awo, ba a cika kwano a bar masa ba. In busasshen abincin buhu ne, ka karanta bayan buhun ka zaɓi mai ƙarancin kitse, wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Ka zuba shi a mazubi mai murfi, domin damshin daminar Jos yana sa shi fumfuna, abinci mai fumfuna kuma yana lalata hanta.

Ana iya dafa masa a gida: shinkafa ko acha ko dafaffen dankali, da kaza ba fata ko kifi ba ƙaya ko ƙwai, da karas ko kabewa. Ba mai, ba magi, ba yaji, ba albasa. Sai dai tuwo da nama kaɗai ba sa ba shi sinadarin ƙashi da yake buƙata, don haka likita ya tsara maka haɗin. Don gane ko ya yi ƙiba, ka shafa gefen ƙirjinsa: ya kamata ka ji haƙarƙarinsa ba tare da ka danna ba.

Abubuwan da ba ya ci ko kaɗan: albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini, inabi da zabibi suna kashe ƙoda, cakulan da goro da kofi suna da sinadaran da ke tayar masa da zuciya, dafaffen ƙashi yana tsagewa ya huda hanji. Kakanni masu ajiye goro a gefen tabarma su lura.

Ranar babbar salla yara sun ba shi kitse da soyayyen nama, yanzu yana amai. Mene ne wannan?

Ku kai shi asibiti yau, kada ku jira gobe. Wannan shi ne babban raunin jinsin. Shinauza da yawa ana haifar su da halin taruwar kitse a jini fiye da sauran karnuka, wasu har jinin da aka ɗiba yakan yi fari-fari. Akwai wani sashe a ciki kusa da tumbi, fankiriyas, mai fitar da ruwan narkar da abinci da sinadarin insulin mai daidaita suga a jini. In kitse ya yi yawa a lokaci guda sai ya kumbura, ruwan da ya kamata ya narkar da abinci a hanji ya fara cin sashen kansa. Alamun su ne amai, ƙin abinci, kasala, wani lokaci gudawa, da ciwon ciki: zai ƙi a taɓa shi, ya ƙudundune, ko ya kwantar da ƙirji ƙasa ya ɗaga baya. Ciwon yana iya kisa, in kuma ya yi ta dawowa yana iya ƙarewa da ciwon suga.

Kada a ba shi farasitamol ko ibuprofen ko wani maganin mutane, suna iya yi masa illa mai tsanani. A asibiti galibi ƙarin ruwa ne da maganin amai da na ciwo, sannan abinci mara kitse kaɗan-kaɗan.

Wahalar ba a karen take ba, a mutanen gida take. Yana da iya roƙo, zai zauna ya zuba maka ido har ka ji kunya, kowa kuma yana ganin ɗan guntun da ya jefa masa ba komai ba ne. Guntun Baba da na Umma da na yara huɗu da na mai aiki, in aka haɗa, ya ishi kare mai kilo 7. Tsire, balangu, kilishi, fatar kaza, ƙuli-ƙuli, soyayyar awara, masa, man shanu, duk su fita daga lissafinsa. Ranar layya da kwanakin suya a rufe shi nesa da inda ake aiki, a kuma rufe kwandon shara. Mai son ya yi masa kyauta ya ba shi yankan karas ko kokwamba. Daga tsakiyar shekarunsa yana da kyau a riƙa gwada kitsen jininsa duk shekara, bayan ya yi awa 12 bai ci ba.

Yaya ake yi da gashinsa? Zan iya kai shi wurin mai aski?

Gashinsa hawa biyu ne, mai kaushi a sama, mai laushi a ƙasa, kuma tunda ba ya zuba sosai, sai an rage shi. Duk mako 6 zuwa 8 yake buƙatar aski. Masu kai shi gasa suna tsige mataccen gashin da hannu don ya riƙe kaushinsa da launinsa. Karen gida injin aski ya ishe shi, sai dai gashin zai yi laushi, launin ya ɗan kwanta. Kada ka kai shi shagon askin mutane, ba za su ji daɗi ba, injinsu ma ba na irin gashinsa ba ne. Ka nemi mai gyaran karnuka ta wurin likitanka, ko ka sayi naka injin da almakashi ka koya. Ana rage baya da wuya da gefen jiki, a bar gemu da gira da gashin ƙafa.

Tsakanin aski da aski, taza sau biyu ko uku a mako, musamman hammata da bayan kunne da ƙafafu, inda gashin ke dunƙulewa, ƙarangiya da 'ya'yan ciyawa su maƙale. Gemu kuwa a goge shi bayan kowane cin abinci, in ba haka ba zai yi wari ya koma ja. Wanka sau ɗaya a wata ya wadatar, da sabulun karnuka, ba omo ba. A duba cikin kunne duk mako, domin gashi yana tsirowa a ciki, a yanke farce, a goge haƙora da burushi da man goge bakin karnuka. In ka ga ƙananan baƙaƙen ƙuraje a gadon bayansa, sananne ne a jinsin, akwai sabulun magani da likita zai rubuta.

Sanyin Jos ko zafin Abuja, wanne ya fi damunsa?

Jos ta fi dacewa da shi. Garin yana kan tsayin wajen mita 1,200, zafinsa da sauƙi. A Disamba da Janairu dai, lokacin da dare ke sauka wajen digiri 10, kada a yi masa aski ƙwal, kada kuma ya kwana a kan siminti ba shimfiɗa.

Abuja daga Fabrairu zuwa Afrilu wani abu ne daban. A fita da shi da asuba ko bayan magariba, a taɓa kwalta da bayan hannu kafin ya taka, ruwa kuma ya kasance a gabansa kullum. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafi. In hakin ya ƙi tsayawa, yawu na zuba, yana tangaɗi, a jiƙa shi da ruwan famfo, ba ƙanƙara ba, a sa shi gaban fanka, a nufi asibiti.

Kaska fa? An ce in fesa masa maganin ƙwari.

Kada ka kuskura. Maganin ƙwarin gona ko na sauro da ake sayarwa a kwalba yana shiga ta fata ya kashe kare, ƙarami ma ya fi saurin tafiya. Akwai ƙwayoyin taunawa da maganin ɗigawa a wuya da abin wuya na musamman, likita zai zaɓa gwargwadon nauyinsa. Kaska ba ƙaiƙayi kaɗai take kawowa ba, tana sa cututtukan jini: zazzaɓi, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi duhu. Tana ɓuya a tsagar bango, don haka a gyara makwancinsa ma.

Da damina akwai ƙudan da ke zuba ƙwai a ƙasa mai damshi ko tsumma mai fitsari, tsutsar ta shige fata ta yi kumburi mai ɗan rami a tsakiya. A riƙa wanke shimfiɗarsa a shanya a igiya cikin rana, ba a ƙasa ba.

Haushinsa ya ishi maƙwabta. Za a iya hana shi?

Ragewa ake yi, ba a hanawa, domin haushin yana cikin aikin da aka ƙirƙire shi dominsa. Fara da gajiyar da shi: tafiya ta minti 45 zuwa awa ɗaya a rana, a raba safe da yamma, da ɗan wasa. Sannan in ya yi haushi biyu ko uku, ka ce "ya isa" da murya ɗaya, da zarar ya yi shiru ka ba shi ɗan karas. Yana da saurin ganewa, Hausa ma yana ji sarai in kalmar ba ta canzawa. Tsawa da duka ƙara masa suke. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: kwikwiyon da ya saba da baƙi da ƙarar babur da janareta tun yana ƙarami ba ya ɗaukar kowane motsi abokin gaba. In gidan haya kake, ka nemi yardar mai gida tun kafin saye. Duba kuma amsar da ta yi maganar ɗaure shi a bayan gida.

Muna da yara ƙanana da kaji da tantabaru. Za su zauna lafiya?

Da yara yana zama lafiya in an koya musu kada su ja gemunsa, kada su dame shi yana ci ko yana barci, kuma ba a barin jariri da kare su kaɗai. Mage in tare suka tashi ba matsala. 'Yan tsaki da zomaye da tantabaru kuwa sai an raba su da waya, jinin farauta yana jikinsa. Saboda wannan jinin ne ma bai kamata a zuba maganin ɓera a gidan da yake ba: zai ci maganin, ko ya ci ɓeran da ya ci.

Waɗanne alamu ne ba a jira da su?

Yawan shan ruwa da yawan fitsari da rama alhali yana ci, wannan ciwon suga ake zargi, kuma yanar ido tana biyo shi da sauri. Duba amsar ranar salla don ganin alaƙarsa da kitse. Yunƙurin fitsari yana ɗigowa kaɗan-kaɗan ko da jini, wannan tsakuwar mafitsara ce mai yiwuwa, jinsin yana yawan yin ta. Namijin da ya kasa fitsari gaba ɗaya ba ya kwana a gida, sai asibiti. Haka karo da kaya da dare ko ido ya yi hazo, da warin baki mai ƙarfi, da girgiza kai ana sosa kunne.

Sai an yanke masa wutsiya da kunne?

A'a. Ado ne kawai, Jamus ɗin da ya fito ma ta haramta.

Karya ce da ni. In bar ta ta haihu ko a cire mata mahaifa?

Takan fara neman namiji tsakanin wata 6 da shekara ɗaya, sau biyu a shekara, mako 2 zuwa 3 kowane karo, a lokacin kuma karnukan unguwa za su yi sansani a ƙofarka. Cikinta kwana 63 ne ko kusa. In babban kare ya hau ta, haihuwar na iya zama da haɗari. In ba kiwo za ka yi da gaske ba, da gwajin ido da sanin zuriyar namijin, cire mahaifar ya fi: yana kawar da haɗarin ruɓar mahaifa da ke kama karya in ta manyanta. Bayan aikin a rage mata abinci kaɗan, don ƙiba tana saurin zuwa.

Zan tafi Abuja da shi a mota. Me zan tanada?

Kejin tafiya ko ɗamarar da ake haɗawa da bel, ruwa da kwanonsa, abincin da ya saba da shi, da katin rigakafi. Kada ya ci da yawa awa 3 kafin tashi, domin lanƙwasar Hawan Kibo tana sa wasu amai. Ku tashi da sassafe, tunda da an sauka daga tudu zafi yake ƙaruwa. In kun tsaya a Akwanga ko Keffi, a sa masa igiya kafin a buɗe ƙofa, kuma kada a bar shi a rufaffiyar mota ko na minti biyar ne.